Kalmomin Turanci Sun Ƙi Zama Min a Kai

Tambaya: Salam Anti. Ni ɗan Unguwar Rogo ne a Jos, ina sai da kayan waya a Taminus kuma zan rubuta JAMB bana. Kullum sai na haddace kalmomi 20 daga ƙamus amma wallahi kafin la'asar sun gudu, kwastoma na zuwa da turanci sai in kama in'ina. Ya zan yi?

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. 20 a rana? Haba, ka ɗaukar ma kanka Dala ba gammo. Rage su zuwa 5, kuma ka tsinto su cikin labari, ko a Daily Trust ko labaran PRTV (gidan rediyo da talabijin na jihar Filato), ka rubuta kowace da jimlar da ka same ta a bayan littafin bashin shago, gobe ka duba, bayan kwana 3 ka sake dubawa, sannan ka jefa ta a hira da kwastoma ko da za a yi maka dariya.

Wani sirrin ma yana rataye a shagonka. Charge da recharge, wannan re ɗin "sake" yake nufi. To ga rewrite, replay, rebuild, ka samu uku kyauta.