Saƙonnin imel ɗina sun shige kwandon shara, yaya zan dawo da su gaba ɗaya?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗaliba ce daga Ƙofar Ƙaura, Katsina. Garin rage kaya a Gmail na goge har da saƙonnin makaranta da rasiɗan rajista. Suna cikin Trash, amma ɗauko su ɗaya-ɗaya ya gagare ni. Wani mai shagon kwamfuta ya ce in ba shi kalmar sirrina da ɗan abin goro ya fito mini da su. In ba shi?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Ki kwantar da hankalinki 'yar'uwa, Gmail yana ajiye abin da aka goge har kwana 30. Da farko ki buɗe Trash. A kwamfuta, ki danna ɗan akwatin da ke gefen saƙon farko, ki riƙe Shift ki danna na ƙarshe, duk na tsakani za su zaɓu. Akwatin da ke can sama kuwa, saƙonnin shafin da kike gani kaɗai yake ɗauka, galibi guda 50, sai kin danna layin da zai bayyana kafin ya haɗa sauran. A waya, ki danne saƙo guda har ya yi alama, sannan ki riƙa taɓa saura. Daga nan Move to, sai Inbox. Ki kula da Delete forever, wannan gogewar ba ta dawowa.

Batun mai shago kuwa, kada ki ba shi. Kusan kullum sai an zo mini da wannan magana, kuma tana ci mini rai. Mutane sun ɗauka akwai wata ɓoyayyiyar manhaja da masu shago ke da ita. Babu ita! Saƙonnin suna kwamfutocin Google ne, ba cikin wayarki ba. Muddin kwana 30 ba su cika ba, ke ma za ki iya. In sun cika, shi ma ba zai iya ba. Sai dai in imel ɗin na makaranta ne a kan Google Workspace, wato tsarin Google na makarantu da kamfanoni, mai kula da shi yana da ƙarin kwana 25.

To me zai yi da kalmar sirrin? Wanda ya shiga imel ɗinki zai iya sauya ta Facebook ɗinki, ya karanta saƙonnin banki, ya roƙi 'yan'uwanki kuɗi da sunanki. Masu wannan sana'a ku ji tsoron Allah, ɗaliba ta zo da damuwa kuna neman mabuɗin ɗakinta. In kin riga kin ba wani, ki sauya ta yau, ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara wata shaida, kamar lambar da za a turo wayarki, kafin a shiga.