Amsa: farin zobe a gefen hoton da aka cire wa bango

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka ce duk hoton da ka cire wa bango, wato abin da ke bayan mutum a hoton, don haɗa fosta sai ya fito da farin zobe a gefen kai, har kana tunanin sayen babbar kyamara. Ajiye kuɗinka tukuna, wayarka ta isa. Tun wajen ɗauka matsalar take farawa.

Idan ka jingina mutum da farin bango da tsakar rana, hasken bangon yana malalowa gefen hula da kunnuwa, kuma cire shi daga baya aiki ne ja. Matsar da mutumin taku uku daga bango, ka ɗauka a inuwa ko bayan la'asar. Ka bar ISO, wato saitin yadda kyamara ke karɓar haske, a 100 ko 200 don kada hoton ya yi tsakuwa-tsakuwa.

Wajen gyara kuma, don Allah ka rabu da magogin da ke cikin manhajar gyaran hoto. Na daɗe ina ɓata hotuna da shi kafin na gane amfanin mask ɗin leya, wato mayafin da ake ɗorawa kan hoto a shafa masa launi: baƙi yana ɓoyewa, fari yana dawo da abin da ka ɓoye, ba abin da ya salwanta. Ka zuƙo hoton sosai, ka bi gefen hular a hankali da burushi mai laushi. Manhajar Photoshop tana da mask ɗin, GIMP ma haka, ita kuwa kyauta ce.

Sannan ka adana hoton a nau'in fayil na PNG. Nau'in JPEG ba ya riƙe bango wayam, launi yake cikawa a wurin, galibi fari. In za ka tura wa mai bugawa ta WhatsApp, tura shi a matsayin fayil, in ba haka ba za a matse shi ya dushe.