Kan maganar amfilifaya mai kwalba da ka tambaya

Ɗana na ga saƙonka, wai kana so ka haɗa ƙaramar amfilifaya mai kwalba ta jin sauti a hedfon irin wadda masu sha'awa ke haɗawa a gida, kuma ka ciro taransifoma daga tsohon rediyon kakanka kana tambaya ko za ta yi. To za ka iya haɗawa, na ga hannunka a dalma ya nuna, amma wannan taransifomar ka mayar da ita kwali ka ajiye tukuna, bari in faɗa maka dalili.

Kwalbar nan da wasu ke ce wa bawul an zuƙe iskar cikinta ne gaba ɗaya, akwai hita da ke gasa wani ɗan ƙarfe mai suna katod, idan ya yi zafi wuta ta rinƙa tsallakawa zuwa wani ƙarfen mai suna filet, a tsakaninsu kuma akwai siririyar waya mai suna girid, ita ake ba ɗan sautin da ke fitowa daga salularka sai ta rinƙa buɗe wa wutar hanya tana matsewa daidai da sautin. Lee de Forest ne ya ƙara girid ɗin a Amurka a 1906, da ita duniya ta yi ta aiki har taransisto ya zo a 1947. Matsalar ita ce filet yana son wuta mai yawa, yawanci bolt 150 zuwa 250. Irin taransifomar tsohon rediyo idan tana ba da 250, ka bi da ita ta diyod da kapasita sai ka ga mita ta haura wajen 350, kuma kapasitan nan ko ka zare filogi yana nan riƙe da wutar, ba ya ƙara ba ya wari, kai dai ka kai yatsa kawai. Wallahi wannan ba shokin ɗin da kuke yi wa dariya a shago ba ne, yana kashe mutum, ga shi mu nan kafin a samo mota a kai mutum babban asibiti an ɗau lokaci. Kuma abin a kunnenka za ka rataya shi. Ban yarda ka fara da wannan ba.

Dalili na biyu shi ne ko babu haɗari aikin ba zai yi ba. Kwalba tana da ƙarfin bolt amma ba ta da karant, hedfon ɗin da ke hannunmu kuwa kusan duk ohm 32 ne, karant yake ci. Kwalba mai lamba 12AU7 ohm ɗinta na ciki ya haura dubu 7, ka ga ka haɗa ta kai tsaye da 32 tamkar ka ɗaura wa dokin sukuwa amalanken yashi ne. Masu yi da kwalba zalla ko dai su sa taransifomar fita, wadda ke da tsada ga wuyar samu, ko su sa babbar kwalba 6AS7 da hitarta kaɗai ke shan amp 2.5, sannan su ji da hedfon mai ohm 300 irin Sennheiser HD 600. Kai ba ka da ko ɗaya.

Abin da nake so ka yi shi ne na gamin gambiza, kwalba a gaba mosfet, wato wani irin taransisto, a baya, duka a kan bolt 12. Kwalba 12AU7 guda ɗaya, turawan Turai suna rubuta ta ECC82, biyu ce a cikin gilashi ɗaya don haka ɓangare ɗaya kunnen hagu ɗaya na dama, ita za ta ɗaga sautin, sai mosfet mai lamba IRF510 guda biyu su ɗauki nauyin hedfon. Gaskiya ba don bolt 12 aka ƙera ta ba, a yunwace take aiki, amma tana yi kuma sautin yana da taushi. Kar wani ya sayar maka da 12AX7 ya ce ai ƙafafunsu ɗaya, eh ɗaya ne amma a ƙaramar wuta ba ta jin daɗi. Kuma kar ka sa a ranka wai za ta fi ƙaramin IC na kasuwa tsaftar sauti, a awo ba ta kai shi ba, ɗan launi take ƙara wa murya wanda kunne ke so. Ni abin da ya sa na ji daɗin tambayarka shi ne a nan za ka koyi saita bayas, wato daidaita wutar da na'urar ke zaune a kai kafin sauti ya shigo, da hannunka kana kallon mita, abin da canjin fanel na waya ba zai taɓa koya maka ba.

Ƙafafun kwalbar tara ne, ka juya ta ƙasa ka ƙirga daga giɓin nan ta hannun agogo. 1 da 6 filet, 2 da 7 girid, 3 da 8 katod, 4 da 5 hita, nan za ka ba bolt 12.6 ta ja miliamp 150, ta 9 ka bar ta haka. Ka nemi soket ɗinta, kar ka kuskura ka sa ayan a ƙafar kwalba zafi na iya tsaga gilashin. Kafin ka biya kuɗi ka duba tabon nan mai sheƙi kamar madubi a samanta, in ya koma fari iska ta shiga ta mutu, sannan ka sa mita tsakanin 4 da 5 ka ga hita ba ta yanke ba. Har yanzu ana ƙera sababbi a Rasha da Sin da Sulobakiya, in ka zaga Sabon Gari ba ka dace ba sai a yi oda ta intanet.

Wuta kuma a nan ƙauye ya fi birni sa'a, batir ya fi komai tsafta, babu ƙugin nan na nefa babu tsiwar caja. Amma kar ka jona a batirin sola rana tsaka yana caji, yana kaiwa 14.4 hita kuma ba ta son ta wuce 12.6 da yawa, kwananta zai ragu. Ka sami ƙaramin batir na UPS mai 7Ah ka ware masa, duka na'urar wajen miliamp 400 za ta ci, ka yi awa 8 kana saurare ba ka cinye rabinsa ba. Ka sa fiyus kusa da batir ɗin, domin a kan batir in waya ta haɗe narkewa take.

Kowane mosfet ka sa masa LM317, ɗan IC mai daidaita wuta, da rizista ohm 10, zai riƙe karant a miliamp 125, za su yi zafi ko ba a sa waƙa ba, haka tsarin yake, don haka ka ɗaura su a alminiyam amma da maika, ɗan fallen nan mai hana wuta wucewa, a tsakani saboda bayan IRF510 a haɗe yake da ƙafar tsakiya. Lokacin hunturu jiki yana tara wutar nan da ke ɗan tsikarin mutum, ita kaɗai tana kashe mosfet, ka taɓa ƙarfe kafin ka ɗauka, ka kuma sayo da rara. Kapasitan fita 470uF, ƙafar fulos ta kalli mosfet, in ka sa 100uF a kan ohm 32 sautin ƙasa irin na ganga zai tsere maka. Duk wayoyin nagetif ka tara su wuri guda, wayar shiga kuma ta zama gajeriya mai riga.

In ka gama kar ka sa hedfon ɗinka mai kyau. Ka kunna ka jira daƙiƙa 30 kwalba ta ɗumama, ka murɗa bayas har ƙafar fita ta mosfet ta nuna wajen bolt 6 hagu da dama, ka auna bakin jak ka ga kusan sifili, sannan ka gwada da iyafis ɗin banza, bolum a ƙasa. Kai ma dai kafin ka ba shi wuta ka zo min ranar kasuwa da allon da ka haɗa in bi layin da idona, ka taho da mitarka da zanen da ka bi.