Baba ya fara sambatu bayan tiyata, iska ce ko me?

Tambaya: Salam likita, dan Allah a taimaka min. Babanmu ne, shekararsa 74, ya zame a banɗaki ya karye a ƙugu aka mai tiyata a wani asibiti nan Legas. Kwana biyu da yin aikin kawai sai ya fara sambatu da daddare, wai a je a koro shanu sun shiga gona, alhali rabonsa da ƙauye ya fi shekara talatin, ya fizge robar ƙarin ruwa har nas suka ɗaure mai hannu a jikin gado. Da safe kuma ras yake, ya gane kowa har ya tambayi jikokinsa. Gwaggonmu ta ce iska ce a kira mai ruƙiyya, maƙwabcinmu kuma wai mu kai shi asibitin masu taɓin hankali na Yaba. Wallahi mun rasa ta cewa.
Maman Hanifa, Agege

Amsa: Wa alaikumus salam Maman Hanifa, sannu da jinya, Allah ya ba Baba lafiya. Kar ku kai shi Yaba tukuna, kuma kar ku cire shi daga asibiti. Yadda kika kwatanta abin nan ya yi kama sosai da ruɗewar da likitoci ke kira diliriyam, ba hauka ba ne, jiki ne ya shiga wani hali sai ƙwaƙwalwa ta rikice. Alamarsa kenan, ya zo farat ɗaya cikin awanni ko kwanaki, ya tafi ya dawo, kuma ya fi tashi da dare. Cutar mantuwa ta tsufa ba haka take ba, ita a hankali take shiga, wata da watanni. Addu'a da tofi kuma ba wanda ya hana, a yi, amma ana yi ana neman sanadi.

Sanadin ma yawanci ba ɓoyayye ba ne, tsoho bayan tiyatar ƙugu yana cikin waɗanda abin ya fi kamawa. Zai iya zama ƙwayar cuta a mafitsara musamman in an sa mai robar fitsari, ko a huhu, ko maleriya, ko ƙarancin ruwa da jini, ko suga ya sauka, ko fitsari ya riƙe, ko kwana huɗu bai yi bayan gida ba kuma kunya ta hana shi faɗa, ko zafin ciwo, ko ma maganin da ake ba shi irin su tramadol da allurar barci. Magungunan barci su diazepam sau da yawa ƙara ruɗa tsoho suke, ɗaure hannun ma haka, mutum ya farka cikin duhu ya ji shi a ɗaure ai dole ya ƙara firgita.

Abin da ya fi damuna da marasa lafiyanmu a Legas shi ne yare. Dattijo Hausa kaɗai yake ji, nas na mai Turanci ko Yarbanci ko burokin, in ya yi sambatu ba ta san sambatu ba ne, in ya yi shiru ta ce ai baba ya huta. To shirun nan ma wani nau'in diliriyam ne, mutum ya yi ta gyangyaɗi ba ya ci ba ya sha, kuma shi aka fi tsallakewa. Don haka ke ce za ki tare likita lokacin zagayen safe ki ce mai ƙarara, Baba ba haka yake ba kafin tiyata, ranar kaza ya fara, ga abin da yake da dare. Akwai ɗan gwaji da aka ƙirƙiro a birnin Edinburgh na Scotland, sunansa 4AT, minti biyu ya isa, a tambaye shi shekarunsa, ranar haihuwa, ina yake, wace shekara ake, sannan ya jero watanni daga Disamba ya yi baya. Ki tsaya ki fassara, ki kuma gaya musu in Baba dama can da watannin Musulunci yake lissafi kuma bai san ranar haihuwarsa ba, kar a ce ya faɗi gwaji a banza.

Sauran aikin naku ne 'yan jinya. A sa mai tabaransa, a buɗe labule da rana, a riƙa gaya mai yau Talata ce kana asibiti an yi ma aiki a ƙafa, a tuna mai lokutan salla, a ba shi ruwa da abinci in likita ya yarda, a tayar da shi ya ɗan taka da zarar sun ce ya taka. 'Yan dubiya kuma dan Allah a rage, mutum goma daga Agege da Idi-Araba kowa na cewa Baba ka gane ni, wannan gajiyar da shi yake. Wanda ya saba da shi ɗaya ya kwana kusa, sai a roƙi nas su kwance hannun. Kar ki raina waɗannan, a 1999 wata likitar tsofaffi, Dakta Sharon Inouye, ta gwada irinsu a Amurka kan tsofaffi 852, ruɗewar ta sauka daga kashi 15 cikin ɗari zuwa kusan 10.

In an gano sanadin aka magance, da yawa suna dawowa daidai cikin kwanaki, wasu sai makonni har bayan sallama. In kun koma gida kika ga ya sake rikicewa ko barci ya yi yawa ba ya tasuwa, ku koma asibiti a ranar, kar a jira ranar da aka rubuta a kati.