Bahagonci ko tufka? Amsar tambayar wani ɗalibi daga Jidda

Wani ɗalibin kimiyyar lantarki ya rubuto daga Jidda: "Malam, muna karatun wasu ƙerarrun abubuwa masu juya haske dama ko hagu. Turawa suna kiran siffar kairaliti. In ce mata bahagonci?"

Ɗana, bahagonci bai yi ba. Bahago ɓangare ɗaya ne, kuma in aka ce mutum bahago ne, sau da yawa ana nufin mai wuyar sha'ani. Ita kuwa wannan siffa ta haɗa dama da hagu duka. Asalinta kalmar Girkanci ce mai ma'anar hannu, masanin kimiyya ɗan Birtaniya Lord Kelvin ne ya raɗa mata sunan. Haɗa tafukanka, za su dace kamar mutum da hotonsa a madubi. To kifa hannun dama a bayan na hagu: babban yatsa ya kalli gabas, ɗan'uwansa ya kalli yamma. Komai juyin da ka yi ba za su hau juna ba.

Ni kalmar da nake gani ita ce tufka. Mai tufka yakan murza zare a cinya ta fuska ɗaya, sannan ya haɗa zaruruwan ya murɗa su ta ɗaya fuskar, shi ya sa igiya take riƙe kanta. In ka murɗa ta saɓanin yadda aka tufke ta, sai ta buɗe. Daga nan aka samu "tufka da warwara", wato aikin da ake yi ana rushewa, ko maganar da ƙarshenta ya ƙaryata farkonta. Ka ga Bahaushe ya daɗe da sanin murɗi yana da hannu.

Sai dai a kula, zagaye kawai ba tufka ba ne. Mai ɗawafi yana zagaya Ka'aba tana hagunsa, amma yana komawa inda ya fara. Tufka sai an haɗa zagaye da ci gaba, kamar zaren sukuru ko matakalar hasumiya. Haka wannan haske yake: ƙarfin lantarkinsa yana juyawa, shi kuma yana tafiya.

Ba kuma don daɗin baki na zaɓi kalmar ba. A 1898, masanin kimiyya ɗan Indiya Jagadish Chandra Bose a Kalkata ya murɗa zaren rama irin ta Indiya, ya aika igiyar rediyo mai gajeren zango ta cikinsa, ta fito fuskar da take kaɗawa ta juya. Wannan rama kuwa dangin lalo ce, mulukiyyar da kuke sha a Jidda! A 2009 masana a Karlsruhe ta Jamus suka jera ƙananan murɗaɗɗun zinare, ido ba ya ganinsu. Hasken da tufkarsa ta zo ɗaya da tasu sai su tare shi, ɗayan ya wuce. Siffar ce take aikin, ba don zinare yana da tsada ba.

Saƙon GPS da wayarka take kamawa ma tufkar dama ne, in ya daki bango ya dawo yakan koma na hagu, ta haka eriya mai kyau take rage ruɗani.

Don haka rubuta "haske mai tufkar dama", "mai tufkar hagu", abin da kuke ƙerawa kuwa "matatar tufka". Gwada su a kan dattawan unguwarku, ka rubuto mini abin da suka ce.