Ɗan Kwikwiyon Da Na Tsinta Ya Hana Mu Sakat

Tambaya: Malam, ina zaune a gidan gona a bayan Kafin Hausa, inda babu wutar lantarki sai ta sola. Na tsinci ɗan kwikwiyo a bakin rijiya, haƙarƙarinsa duk a waje, na raine shi. Yanzu ya murmure, yana tauna wayar sola, yana korar kaji, yana kuma takura wa tsofaffin karnukana biyu masu gadin awaki. Yaya zan yi?

Amsa: Allah ya saka maka da alheri, ɗan'uwa, domin tausayin dabba abu ne mai lada. Taunar da yake yi ta sauyin haƙora ce, wadda takan lafa idan ya kai wata 6 zuwa 7, saboda haka ka ɗaga wayar sama ko ka zura ta cikin bututu, sannan ka ba shi tsohuwar igiya mai kauri ya riƙa taunawa. Ka fita da shi gona da sassafe kafin rana ta yi zafi, domin karen da ya gaji ba ya damun kaji. Ka raba wa ɗan kwikwiyon da manyan karnukan kwanon abinci, kowa da nasa.

Abin da ya fi damuna shi ne ciwon haukan kare. Tunda ba ka san uwarsa ba, ka kai shi wurin likitan dabbobi a yi masa rigakafi da zarar ya cika wata 3, tare da manyan. Idan ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, a tafi asibiti nan take.