Waƙar rediyo ta shiga maganar 'yan wasana, kiɗa zai iya rufe ta?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina haɗa gajeren fim a nan Jos. Mun ɗauki wata fitowa a teburin mai shayi a Titin Bauchi, inda yaya yake faɗa wa ƙanensa ya sayar da filin gadonsu. Don abin ya yi kama da gaske sai na bar rediyon mai shayin a kunne, waƙa na tashi. Yanzu a wajen editin, duk inda muka yanka daga fuskar yayan zuwa ta ƙanen sai waƙar ta yi tsalle. Editana ya ce a ɗora kiɗan fiyano mai ban tausayi a kai, ba wanda zai lura. Kuɗina sun kusa ƙarewa, ɗaya daga cikin 'yan wasan kuma ya koma Kaduna. Wallahi ko barci ba na iya yi. Fitowar ta mutu ke nan?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kwantar da hankalinka, fitowar ba ta mutu ba. Amma in ka yarda da fiyanon nan, shi zai ƙarasa ta.

Sautin fim kashi biyu ne. Akwai sautin cikin labari, wanda yaya da ƙane ke ji da kunnensu: rediyo, cokali a kofi, hon ɗin Keke Napep. Akwai sautin wajen labari, wanda mai kallo kaɗai ke ji, irin fiyanon editanka. In ka jibga na biyun a kan na farkon, mai kallo zai ji kiɗa biyu suna kokawa, tsallen na nan a ƙasa bai je ko'ina ba, maganar da ka ɗauki fitowar dominta kuma ta nutse a tsakani.

Abin da ya jefa ka cikin wannan hali shi ne tunanin cewa sautin cikin labari sai an naɗe shi a lokeshan tare da magana. Kusan kullum sai na ci karo da wannan fahimta, kuma ta cinye kuɗin mutane da yawa. Mai kallo yana yarda waƙa daga rediyo take fitowa ne idan ya ga rediyon kuma amon ya yi kama da na rediyo. Ba ruwansa da ranar da aka naɗe ta. Fitowa ɗaya ana ɗaukarta daga nesa, a dawo kusa da yaya, a juya kan ƙane, waƙar kuwa ba ta jiran kowa. A ɗauka ta farko, lokacin da yayan ya ce ya sayar, mawaƙin na kan amshi. A ta gaba yana tsakiyar wani baiti, ko ma an shiga talla. Duka an naɗe su a layin sauti ɗaya da muryar ɗan wasa, kamar sukarin da ya narke a shayi. Shi ya sa tun ƙarshen shekarun 1920, lokacin da fim ya fara magana, irin su Jack Foley a kamfanin Universal suke gina takun ƙafa da motsin tufafi a situdiyo bayan an gama ɗauka. Aikin har yau sunansa yake amsawa.

A ganina waƙoƙin fina-finanmu ne suka saba mana da wannan. A wajen ɗaukar waƙa ana kunna ta da lasifika 'yan wasa suna bin baki, kuma hakan daidai ne, domin sautin wurin gaba ɗaya zubar da shi ake yi a ɗora na situdiyo. Sai aka kwaso ɗabi'ar aka kawo ta fitowar magana, inda sautin wurin shi ne jarin. Haka za ka ga an ɗauki biki, mai kiɗa na ta duka, amarya da ƙawarta na gulmar da labarin ya dogara a kanta, daga baya a rasa yadda za a yi.

Ka'idar kuwa ba ta da wuya. Mai shayi ya kashe rediyo, a matsar da janareta nesa, mutanen baya su riƙa motsa baki ba murya. Kafin a fara, ka kunna waƙar da ƙarfi na 'yan daƙiƙoƙi, ka kashe, sannan a ɗauka, 'yan wasa su riƙe muryarsu a sama. Wannan yana da muhimmanci, domin mutum yana ɗaga murya ba tare da ya sani ba idan yana cikin hayaniya, abin da wani likita Bafaranshe mai suna Lombard ya bayyana tun 1911. In suka yi magana ƙasa-ƙasa, ka zo ka ɗora rediyo, kunne zai ƙi yarda. Makirufo kuma ya matso: a fili, duk ninkin tazara yana rage ƙarfin murya da kusan desibel 6, wato ma'aunin ƙarfin sauti.

Masu ce maka akwai manhajar da ke cire komai, ka tambaye su su nuna maka a kan fayil ɗinka kafin ka biya. Kayan tace murya na iZotope RX ko DaVinci Resolve suna ƙoƙari sosai a kan gurnanin janareta, har ma a kan kiɗa zalla. Amma mawaƙin rediyo muryar mutum ce, ɗan wasanka ma haka. In aka matsa, sai numfashi da ƙarshen kalmomi su zaizaye, murya ta koma ta ƙarfe. Ga kuma haƙƙin mallaka: Content ID, tsarin YouTube mai gano waƙoƙin da ke da masu su, yana iya gano waƙar ko daga rediyo ta fito, a karkatar da kuɗin tallan fim ɗinka ko a toshe shi. Da tana layinta daban, cikin minti ɗaya za ka musanya ta. Abin yana ɓata min rai ƙwarai a ce a Jos, garin da ke da hedikwatar Hukumar Fina-finai ta Najeriya wadda aka kafa a 1979, da cibiyarta ta koyar da fim, da kwalejin talabijin ta NTA a Rayfield, har yanzu furodusa zai kashe kuɗi a hayar kyamara ya miƙa wa duk yaron da ke kusa sandar makirufo, ba ko hedifon a kunnensa. Mai sauti na gaske da ya ji rediyon nan da bai bari an fara ba.

Yanzu ga mafita. Sake naɗar maganar za ka yi, hoton na nan lafiya. Wanda ke Kaduna ba sai ya zo ba: tura masa fitowar, ya shiga ɗaki mai katifa da labule, ya riƙa sauraron jimla yana maimaitawa, ɗaya bayan ɗaya, har baki ya hau. A saita na'urar naɗa a kilohaz 48, a ajiye a fayil ɗin WAV, wanda ba ya matse sauti, da irin makirufon da na Jos zai yi amfani da shi. Saƙon murya na WhatsApp ba zai yi ba.

Sannan ka koma wurin mai shayin a daidai lokacin da kuka yi ɗaukar, ka naɗi minti biyu na wurin ba rediyo, sai ka bi hannunsa: kaɗa ƙwai da cokali mai yatsu, juya shayi daga kofi zuwa kofi, hucin risho, wuƙa a burodi. Kowanne daban. Waƙa kuwa ka nemi wadda mai ita ya ba ka izini a rubuce, ka yanke mata amo mai kauri da ke ƙasa da haz 300 da mai kaifi da ke sama da haz 4000, don ta yi kama da ta rediyo. Abin da ya fi wannan, ka kunna ta a ƙaramar lasifika a kan teburin ka sake naɗa daga inda 'yan wasan suka zauna.

Tunda rediyon ya dawo hannunka, ka mora shi. Ɗauki hannun mai shayi kawai yana murɗa shi ya kashe, ka sa a daidai inda yayan ya furta maganar filin. Mai kallo zai gane har mai shayin ya ji, kuma wannan ɗauka ba ta buƙatar ɗan wasa ko ɗaya. In har editanka na son fiyanonsa, ya jira sai ƙanen ya tashi daga benci. Kafin ku fitar, ku saurari fitowar a lasifikar waya, domin a nan mutane da yawa za su kalla. Duk kalmar da ta ɓace, ku ƙara rage rediyon.